Na yi tara cikin goma, ashe Allah ba zai karɓa ba?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Sabon Garin Zariya. Bara motar da muke ciki ta yi hatsari a hanyar Kaduna, wasu sun rasu, ni kuwa na fita da karaya ɗaya. Tun daga ranar na daina shan giya, ba na fasa zakka, na koma Zumuntar Maza, kuma ina shirin yin godiya a majami'a lokacin godiyar kaka. Sai dai akwai gonar wana marigayi a ƙauye. 'Ya'ya mata kaɗai ya bari, ni nake noma ta tun rasuwarsa, dangi kuma sun ce haka al'ada take. Fastonmu ya yi wa'azi ya ce biyayya rabi-rabi rashin biyayya ce, tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. Tunda ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, kuma babu mahalukin da ya iya cika dokoki duka, ashe Allah ba zai karɓi tara cikin goma ba?

Amsa: Ɗan'uwana, barka da arziki. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma ta'azantar da iyalan waɗanda suka rasu.

Abu biyu ka faɗa daidai. Ta wurin alheri aka cece mu, gaskiya ne. Babu mai rai da ya taɓa cika dokar Allah ba tare da tuntuɓe ba in ban da Yesu Almasihu, wannan ma gaskiya ne. Inda muka rabu da kai shi ne wurin lissafin. Tara cikin goma maganar ciniki ce, maganar mai tayi da mai sallamawa. Kai kuwa da bakinka ka ce kyauta aka yi maka. Wanda aka yi wa kyauta ba ya tsayawa neman ragi.

Ka duba yadda Allah ya jera abin tun da fari. A Fitowa sura 20, kafin ya furta ko doka ɗaya cikin goman nan, sai da ya tuna wa Isra'ilawa cewa shi ne Ubangiji Allahnsu wanda ya fisshe su daga Masar, daga gidan bauta. Bai aika wa Musa da allunan dutse a Masar ya ce su yi shekara suna kiyayewa sa'an nan ya duba ko sun cancanci fitowa ba. Sun riga sun haye teku, sun riga sun ci manna, sa'an nan doka ta zo. Bulus ma haka ya tsara wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Sura goma sha ɗaya yana bayanin abin da Allah ya yi wa masu zunubi, sai a sura 12 ya ce, to, saboda yawan jinƙan nan na Allah, ku miƙa jikunanku hadaya rayayyiya. Mutanenmu sun haddace Afisawa 2:8-9, sai su rufe littafi. Aya ta 10 tana nan a manne da su, ita ce ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi. Akwai wani tsohon littafin tambaya da amsa na koyar da bangaskiya da aka rubuta a garin Heidelberg na ƙasar Jamus a 1563, wanda ikkilisiyoyin Reformed suke koyarwa da shi har yau. Kashi uku aka raba shi: halin ƙaƙa-ni-ka-yi da zunubi ya jefa mutum, sai ceto, sai godiya. Bayanin Dokoki Goma a kashi na uku suka sa shi, ƙarƙashin godiya. A ganina sun yi daidai.

Mu Hausawa ma mun san wannan. Muna cewa yaba kyauta tukwici. In wani babba ya aiko maka da rago, ka ba yaron da ya jawo shi ɗan abin da ya sawwaƙa, ba wanda zai ce ka biya kuɗin rago. In ma ka tashi ka ƙirga kuɗin ragon ka aika wa mai shi, ka zage shi, ka mai da kyautarsa ciniki. In kuma ka karɓe igiya ka shige gida ka bar yaro tsaye a ƙofa, ka nuna rashin tarbiyya. Ka lura kuma, tukwici ba hannun mai kyautar yake shiga ba, hannun wanda ya aiko yake shiga. Allah ba ya bukatar buhun masararka. A Zabura 50 ya ce ko da yunwa yake ji ba zai gaya mana ba, gama duniya da abin da ke cikinta nasa ne. Amma yana da mutanen da ya tsayar a ƙofarka, kuma daga wasiƙarka na ga cikinsu akwai matar wanka da 'ya'yanta.

To, me ya sa sai duka? Nan ne nake so ka zauna da 1 Sama'ila sura 15, ka karanta a hankali, domin labarin Sarki Saul ya fi kowane wa'azi bayyana wannan al'amari. Umarnin da aka ba shi, cewa ya hallaka Amalekawa da duk abin da suke da shi, umarni ne na yaƙi, na wancan zamani, mai nauyin ji, ba kuma abin da aka ɗora wa ikkilisiya ba ne. Abin da nake so ka duba shi ne halin mutumin. Saul bai ƙi fita ba. Ya tara runduna, ya yi tafiya, ya yi yaƙi, ya ci nasara. In da lissafi ake yi, ya wuce tara cikin goma. Amma Littafi ya ce duk abin da yake rainanne marar amfani, shi suka hallaka, suka bar Agag sarkin Amalekawa da rai, suka ware tumaki da shanu mafi kyau. Wato umarnin Allah ya yi aiki a kan abin da Saul bai damu da shi ba, ya tsaya cak a bakin abin da ransa yake so. Da Sama'ila ya iso, Saul ne ma ya fara magana, da fara'arsa, yana cewa ya cika umarnin Ubangiji. Kafin nan har ya je Karmel ya kafa wa kansa al'amudin tunawa. Sama'ila bai yi dogon musu ba, tambaya ɗaya ya yi: to, kukan tumakin nan da na shanu da nake ji fa?

Amsar Saul ita ce ta fi ba ni tsoro, don irinta nake ji a bakin masu bi, ba a bakin marasa bi ba. Ya ce mutane ne suka bar su, kuma don a yi wa Ubangiji hadaya aka bar su. Ka gani, ya ɗauki abin da aka hana shi, ya mai da shi baikon godiya. A nan ne Sama'ila ya faɗi maganar da kowa ya sani, cewa biyayya ta fi hadaya, saurare kuma ya fi kitsen raguna. Daga baya Saul ya fito fili ya ce tsoron mutane ya ji, ya bi maganarsu. Ko a lokacin ma abin da ya dame shi shi ne Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Kai ma ka ce dangi sun ce haka al'ada take. Ban ce kai Saul ne ba, wanda yake Saul ba ya rubuto wasiƙa yana cewa hankalinsa ya ƙi kwanciya. Amma hanyar da ka hau, hanyarsa ce.

Mutumin da yake zaɓe cikin umarnan Allah, ya ɗauki wannan ya ajiye wancan, ko waɗanda ya ɗauka ɗin ma ba don Allah ya faɗa yake yin su ba. Yana yin su ne don sun yi daidai da ra'ayinsa. Ranar da umarni ya ci karo da son ransa, ranar ake sanin wa yake bi. Abin da Yakubu yake nufi ke nan a sura 2, aya 10 da 11, inda ya ce wanda ya kiyaye shari'a duka ya saɓa abu ɗaya ya zama mai laifin duka. Ba cewa yake yi ƙaramar ƙarya da kisankai nauyinsu ɗaya ba. Dalilin da ya kawo shi ne, wanda ya ce kada ka yi zina, shi ne dai ya ce kada ka yi kisankai. Mai magana ɗaya ne. Barin giya abu ne mai kyau, na yi murna ƙwarai, ka ɗore. Amma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: bayan hatsarin nan, giyar ba ta riga ta fita ranka ba? Zakka kuma kowa yana gani, ma'ajin ikkilisiya yana rubutawa. Farisiyawa har na'ana'a da sauran ganyayen miya suke fitar wa zakka, Yesu bai ce su daina ba, amma ya ce a Matiyu 23:23 sun bar mafi nauyin al'amuran shari'a, wato gaskiya da jinƙai da aminci.

Yanzu ga ɗaya gefen, don kada ka fita daga rami ka faɗa rijiya. Cikakkiyar biyayya ba ita ce rashin yin kuskure ba. Yahaya ya ce in mun ce ba mu da zunubi, ruɗin kanmu muke yi. Akwai bambanci babba tsakanin mutumin da ya ce wa Allah "ga ni duka" sa'an nan ya yi tuntuɓe ya faɗi, da mutumin da ya kewaye wani yanki na rayuwarsa da shinge ya ce nan kam ba shiga. Na farko rauni ne, na biyu shawara ce da aka yanke. Zunubin Dawuda a kan Uriya ya fi na Saul muni a idon mutum, amma da annabi Natan ya nuna shi da yatsa, bai kawo dangi ba, bai kawo hadaya ba, cewa ya yi ya yi wa Ubangiji zunubi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, aka maido shi. Hananiya da Safiratu kuwa kuɗin filin da suka sayar suka kawo, kuɗi masu yawa ma wataƙila, kuma Bitrus ya gaya wa Hananiya ƙarara cewa filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Laifinsu shi ne sun ajiye wani kashi suka ce duka ne.

'Yan'uwanmu na Angilikan suna da wani abu a tsohon tsarin sujadarsu na 1662 da nake sha'awa, ko da yake ni ba a cikinsu na tashi ba. In ka tambayi dattawan da suka girma a majami'ar St Bartholomew ta Wusasa, wadda aka gina a 1929 lokacin da mishan na Angilikan, wato CMS, ya taso daga cikin birnin Zariya, za su ba ka labarinsa. A sujadar Jibin Ubangiji ana karanta Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya, bayan kowace doka daga ta fari zuwa ta tara jama'a su amsa da roƙo biyu: Ubangiji ya yi musu jinƙai, ya kuma karkato zukatansu su kiyaye wannan doka. Roƙon farko ya yarda an kasa. Na biyu ya ƙi yarda a zauna cikin kasawar. Kuma ba a tsallake ko doka ɗaya don ta yi wa wani a cikin jama'a tsauri. Amsar tambayarka ta cewa ba mai iya cikawa tana cikin wannan roƙo. Ba mu iyawa da ƙarfinmu, shi ya sa Filibiyawa 2:13 ta ce Allah ne yake aiki a cikinmu, mu yi niyya mu kuma aikata. Amma ba a roƙon ƙarfin yin abin da aka riga aka yanke ba za a yi ba.

Sai maganar gonar kanta. Da a ce abu ne da Littafi Mai Tsarki ya yi shiru a kai, da na ce ka bi lamirinka. Bai yi shiru ba. Karin Magana 23:10-11 ta ce kada ka kawar da tsohuwar iyaka, kada ka shiga gonakin marayu, gama mai fansarsu mai ƙarfi ne, shi zai tsaya musu a shari'a. Fitowa 22:22 ta hana cutar gwauruwa da maraya. Yakubu 1:27 ta sa kula da su cikin ma'anar addini sahihi. Batun cewa mata ne kaɗai, shi ma an riga an kai shi gaban Allah. A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'yan Zelofehad su biyar, dukansu mata, suka tsaya gaban Musa da shugabanni suka ce mahaifinsu ya mutu bai bar ɗa namiji ba, don me sunansa zai ɓace a cikin danginsa? Musa ya kai maganar ga Ubangiji, Ubangiji ya ce 'yan matan sun yi gaskiya. Aka kafa doka cewa in mutum ya mutu ba ɗa namiji, gādonsa na 'yarsa ne, sai in ba 'ya ne 'yan'uwansa maza za su ci. Ka ga inda kake a layin: bayan 'ya'yan wanka. Mu ba ƙarƙashin dokar rabon ƙasar Kan'ana muke ba, amma ta nuna mana zuciyar Allah a kan wannan batu, kuma zuciyarsa ba ta sāke ba. Ko a dokar ƙasa, Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke a 2014, a wata shari'a da ta shafi al'adar Ibo, cewa hana 'ya mace gādon mahaifinta ya saɓa wa tsarin mulki. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, da muke zaune tare a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, sun san nauyin dukiyar maraya sarai, suna kuma ba 'ya mace rabonta. Suna kallonmu.

Na san al'adar tana da tushe. A dā ƙanin mamaci yakan riƙe gona don ya riƙe iyalin, ya ciyar da su, ya aurar da 'yan matan, don kada gona ta bar gida. Riƙo ne, amana ce. Abin da ya faru a zamaninmu shi ne mutane sun riƙe gonar sun saki iyalin. Ba ka gaya mini ko kana ba su wani abu daga amfanin gonar ba. Amma da kana ba su hakkinsu, da ba na jin wa'azin Fasto zai hana ka barci.

Game da godiyar da kake shiryawa, ban ce ka fasa ba. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo ka miƙa. Bai ce ka koma da shi gida ba. Jeri kawai ya gyara. Tun a Littafin Firistoci sura 6 haka tsarin yake: wanda ya ci amana ko ya ƙwace abin wani, sai ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo ragonsa ga firist. Ka duba kuma Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, a Luka 19. Yesu bai gindaya masa sharaɗi kafin ya shiga gidansa ba. Ya shiga tukuna, mutane suna gunaguni. Bayan haka ne mutumin ya miƙe da kansa ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya karanta masa doka. Abin da shari'a ta nema a irin laifinsa bai kai haka ba, shi ya zarce. Mai godiya ba ya tambayar mene ne mafi ƙanƙantar abin da za a karɓa.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka mayar da gonar don tsoron cewa in ba ka yi ba wani hatsarin yana jiranka a hanya. Akwai masu wa'azi da suke jin daɗin irin wannan barazana, ni ba na cikinsu. Waɗanda suka rasu a motar nan ba su fi ka zunubi ba. Yesu ya faɗi haka game da mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Kada kuma ka mayar da ita da tunanin ka sayi kariya, ko ka shuka iri don Allah ya ninka maka. Wannan ciniki ne ya dawo ta bayan gida. Mai yiwuwa ne ka mayar da gonar ka ji a jikinka, rumbunka ya ragu, wasu cikin dangi su daina gaishe ka. Ban yi maka alkawarin riba ba. Dalili ɗaya ya isa: an bar ka da rai, kuma tun kafin hatsarin, an mutu dominka.

Ga yadda zan ba ka shawara ka bi. Ka fara da matar wanka, kai da matarka ku je ku same ta, ba ta hanyar aike ba. Ka faɗi abin da ka yi da sunansa, ba tare da jingina shi ga dangi ba, ka nemi gafara. Kada ka yi mamaki in ba ta saki fuska a ranar ba, ta daɗe tana haɗiye abin. Bayan haka ka sa Fastonku da dattijo ɗaya ko biyu na ikkilisiya a ciki, sa'an nan a kira manyan dangi da mai unguwa ko dagacin ƙauyen, a zaga iyakar gonar a gaban shaidu, a rubuta takarda da sunan 'yan matan, kowa ya sa hannu. Maganar baka ba ta isa ba, don ran da ba ka, 'ya'yanka ne za su tashi su ce gonar ubansu ce.

Ka zauna kuma ka yi lissafin daminar da ka ci a gonar. Ka cire kuɗin taki da na ƙwadago da ka kashe, wannan hakkinka ne, abin da ya rage ka san na marayu ne. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka faɗa a gaban dattawa yadda za ka riƙa biya, buhu nawa kowace kaka, ko ka ɗauki kuɗin makarantar yaran har su gama. In uwar ba ta da halin noma, tana iya ba ka haya ko ku yi noma a raba, amma ita za ta zaɓa, kuma tana da ikon ba wani ba kai ba. Amfanin da ke tsaye a gonar yanzu, ku yi magana a kansa kafin girbi, ba bayan ya shiga rumbunka ba. Lallai kuma a gama komai kafin lokacin sharar gona, don ta samu shirya damina mai zuwa.

In kawunnanka suka ce ka ɓata al'ada, kada ka yi musu rashin kunya, kada kuma ka yi musu wa'azi. Ka ce musu a hankali gonar 'ya'yan wanka ce, kai dai ka sauke abin da ke wuyanka. In godiyar kaka ta zo ba ku kammala ba, ka gaya wa Fasto ya ɗaga maka ranar zuwa wata Lahadin.